Sigarin Naɗin Hannu da Sigarin Kamfani a Wajen Maza da Mata Masu Neman Barin Taba: Nazari daga Birnin Kebbi da Argungu

Tsakure

Binciken da aka gudanar a Ingila ya nuna cewa mashayin da ke naɗa sigarinsa da hannu bai cika yunƙurin barin taba ba kamar mai sayen sigarin kamfani, kuma arahar naɗin ce ke kashe masa gwiwa. Wannan maƙala ta ɗauki wancan sakamako ta auna shi da yanayin Birnin Kebbi da Argungu a kwarin Rima. An bi hanyar bitar ayyukan da aka wallafa, da alƙaluman ƙasa, da dokokin taba na Nijeriya. Nazarin ya nuna cewa a wannan yanki sayar da sigari kara-kara shi ke yin aikin da naɗin hannu ke yi a Turai, kuma masu naɗi a nan rukuni biyu ne da babu abin da ya haɗa su sai takarda. Game da mata kuwa, tambayar da ake yi musu a asibiti da takardun bincike ba ta kai ga irin tabar da suke amfani da ita.

1.0 Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar hukumar ta taƙaita shan taba a 2004, ta tabbatar da ita a 2005, kuma sashe na 14 na yarjejeniyar ya ɗora wa kowace ƙasa nauyin taimaka wa mashaya su daina. Dokar taƙaita taba ta ƙasa ta zo a 2015, ƙa'idojin aiwatar da ita suka biyo baya a 2019. Sai dai ƙarfin dokar ya fi karkata ga hana talla da sayarwa da shan taba a bainar jama'a. Mutumin da ya riga ya kamu, yake kuma neman mafita, kasonsa a ciki kaɗan ne.

Manufar maƙalar ita ce duba ko nau'in sigarin da mutum ke sha yana da tasiri a kan niyyarsa ta barin taba da kuma nasararsa, sannan ko tasirin ɗaya ne ga maza da mata. An jima ana wannan tambaya a Ingila da Ostareliya da Tailan. Abin da ya rage shi ne a ga ko amsar da aka samu can za ta zauna a garuruwan da ganyen taba amfanin gona ne tun kafin zuwan sigari.

A cikin maƙalar, sigarin kamfani na nufin wanda inji ya naɗe aka zuba a kwali. Sigarin naɗin hannu shi ne wanda mashayi ko ɗan kasuwa ya naɗe da yankakken ganye a takarda. Taba gari ita ce wadda ake dakawa a shaƙa ko a guntsa a baki. Yunƙurin bari na nufin kaurace wa taba da gangan na aƙalla yini guda da niyyar dainawa, komawa ruwa kuwa shi ne sake kama ta bayan an bari.

2.0 Waiwaye a Kan Ayyukan da Suka Gabata

2.1 Naɗin hannu da barin taba

Aikin da ya buɗe wannan fage shi ne na Young da abokan aikinsa (2006), ƙarƙashin shirin binciken ITC da Jami'ar Waterloo ta Kanada ke jagoranta. Sun gano cewa kimanin kashi 28 cikin 100 na mashayan Birtaniya suna naɗi, Ostareliya kashi 24, Kanada kashi 17, Amurka kuma kashi 7. Masu naɗin galibi maza ne masu ƙaramin ƙarfi, sabonsu da nikotin ya fi tsanani, kuma sun fi yarda cewa tabarsu ba ta kai ta kamfani illa ba. Da aka faɗaɗa binciken zuwa Tailan, sai aka tarar fiye da rabin mashayan ƙasar suna naɗi, musamman dattawan karkara. A Indiya ma masu shan bidi, wato taba da ake naɗewa da hannu a cikin ganyen itace, sun fi masu shan sigarin kamfani yawa.

Zaton cewa naɗin hannu ya fi sauƙin illa bai tsaya ba da aka gwada shi. Shahab da West da McNeill (2009) sun auna sinadaran da ke haddasa sankara a fitsarin masu shan nau'o'in biyu, ba su sami bambanci ba. Abin da suka samu shi ne matan da ke cikin binciken sun fi maza ɗauke da waɗannan sinadarai, kowane irin sigari suke sha.

Jackson da abokan aikinta (2018) na Jami'ar UCL da ke Landan su suka tunkari batun bari kai tsaye, da bayanan dubban mashaya a Ingila. Masu naɗi sun gaza masu sigarin kamfani wajen ƙarfin niyya da yawan yunƙuri. Amma cikin waɗanda suka yi yunƙurin, nasarar ɓangarorin biyu ba ta bambanta ba. Kuɗin da mai naɗi ke kashewa a mako ya kai kusan rabin na ɗan'uwansa, kuma wannan rangwame ne ya bayyana raunin niyyarsa. Ke nan takarda da ganye ba su ne matsalar ba, aljihu ne.

2.2 Bambancin maza da mata

A nan manazarta sun rabu. Benowitz da abokan aikinsa (2006) sun nuna cewa jikin mace ya fi na namiji saurin narkar da nikotin, saurin kuma na ƙaruwa da maganin tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin; wasu ayyuka sun nuna yana ƙaruwa da juna biyu ma. Perkins da Scott (2008) sun tattara gwaje-gwajen filastar nikotin suka ga amfaninta ga mata bai kai na maza ba. McKee da abokan aikinta (2016) kuma sun ga maganin bareniklin ya fi yi wa mata aiki a watannin farko. A ɗaya ɓangaren, Jarvis da abokan aikinsa (2013) sun duba alƙaluman jama'a na Amurka da Kanada da Birtaniya, suka ce idan aka fita daga ɗakin gwaji aka shiga gari, mata ba su gaza maza wajen barin taba ba: a ƙasa da shekara 50 mata ne a gaba, a tsakanin tsofaffi kuma maza. Duk waɗannan ayyuka an yi su ne a al'ummomin da mace ke iya kunna sigari a fili, ta kuma faɗa wa likita tana sha.

2.3 Alƙaluman Nijeriya

Nijeriya ce ƙasa ta farko a Afirka kudu da Sahara da ta gudanar da binciken GATS na amfani da taba a kan manya 'yan shekara 15 zuwa sama, a 2012. Ya nuna kashi 5.6 cikin 100 na manya suna amfani da taba ta kowace siga: maza kashi 10.0, mata kashi 1.1. Masu zuƙar hayaƙi kashi 7.3 ne a maza, kashi 0.4 a mata. Masu taba marar hayaƙi kuwa kashi 2.9 a maza, kashi 0.9 a mata. Kusan rabin mashayan sun ce sun yi yunƙurin bari a cikin watanni 12 da suka gabata. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 shi ma ya sa matan da ke shan taba ƙasa da kashi 1. An tsara GATS ne don ba da hoton ƙasa, ba na ƙaramar hukuma ba, amma abu ɗaya ya fito fili a cikinsa: a wajen mata, marar hayaƙi ta ninka mai hayaƙi fiye da sau biyu.

3.0 Hanyar Gudanar da Nazari

Wannan nazari na bita ne da kwatance. An ware abubuwa uku da ayyukan ƙetare suka ce su ke haɗa naɗin hannu da raunin niyyar bari, wato araha, da zaton ƙarancin illa, da tsananin sabo. Sannan aka bi kowanne aka tambayi inda yake zaune a tsarin ciniki da noma da zamantakewar Birnin Kebbi da Argungu. An kuma duba ma'aunan da asibitocin barin taba ke amfani da su don a ga ko za su auna abin da aka yi su dominsa a wannan muhalli. Inda aka kawo adadi, daga aikin da aka ambata yake. Inda aka yi hasashe daga yanayin wuri, an faɗe shi a matsayin hasashe da ke jiran gwaji a fage.

4.0 Nazari

4.1 Taba a kwarin Rima

An ƙirƙiri Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agusta, 1991. Birnin Kebbi ce hedikwatar jiha kuma mazaunin Sarkin Gwandu, Argungu kuma mazaunin Sarkin Kabi, garin da bikin kamun kifinsa na Matan Fada ya shiga jerin al'adun UNESCO a 2016. Dukansu biyu a bakin fadama suke, kuma an daɗe da sanin Argungu a matsayin matattarar ganyen taba da ake nomawa a fadamun kewaye. Taba ta riga sigari zuwa Afirka ta Yamma da ƙarnuka. Tun farkon ƙarni na 17 malamai ke muhawara a kanta, har Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda ya rasu a 1627, ya tafi a kan halaccinta. Hausawa sun sha ta a lofe, sun shaƙi garinta, mata kuma sun rina haƙora da furenta.

Sigarin inji ya zo daga baya. An buɗe masana'antarsa a Ibadan a 1937, ta Zariya ƙarƙashin kamfanin NTC a 1959, sannan kamfanin BAT ya buɗe sabuwa a Ibadan a 2003. A yau shinkafa ce ke riƙe da fadama, musamman tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Banki a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, aka kuma buɗe injin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017. Taba ta koma gefe, amma ba ta ɓace ba. Ga kuma iyaka da Nijar da Binin ta Kamba da Kangiwa da Lolo, hanyar da kaya iri-iri ke bi su shigo ba tare da sun ga jami'in haraji ba.

4.2 Kara ɗaya: inda arahar take

A Ingila ba a sayar da sigari sai a kwali, kuma haraji ya sa kwalin ya yi tsada ƙwarai. Wanda kuɗinsa ya gaza, zaɓinsa biyu ne: ya bari ko ya koma naɗi. A Birnin Kebbi akwai zaɓi na uku, kuma shi ya fi kusa da hannu. Mai tebur na tasha ko mai shayi na bakin hanya yana da kwali a buɗe, kusa da alawa da goro da ƙullin sukari, ga abin kunnawa an ɗaure shi da zare a ƙafar tebur don kada a tafi da shi. Ɗan kabu-kabu ya sauke fasinja, ya miƙa canjin da ke hannunsa, ya zari kara ɗaya, ya kunna a nan take. Idan an san shi, har bashi ana ba shi zuwa yamma. Dokar 2015 ta haramta wannan ciniki, ta ce sai kwali mai kara 20, taba marar hayaƙi kuma kada ta gaza giram 30. Duk wanda ya ratsa tashar mota a Arewa ya san inda wannan haramci ya tsaya.

Daga nan abubuwa da dama ke fitowa. Mai sayen kara-kara ba ya taɓa jin nauyin kuɗin taba a dunƙule, don haka dalilin tsada da ke tura talakan Turai ga bari ba ya isa gare shi, ko da yake a lissafin wata yana iya biyan fiye da mai sayen kwali. Harajin da aka fara sa wa kowane kara a 2018, daga naira 1 zuwa naira 2 a 2019 da naira 2.90 a 2020, kafin a sake ɗaga shi a 2022, yana isa gare shi ne a matsayin 'yan canji. Hotunan gargaɗi da aka wajabta a jikin kwali tun Yunin 2021, waɗanda suka fara da rufe rabin fuskarsa, mai tebur ne ke kallonsu, mai saye bai riƙe kwalin ba balle ya gani.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan haɗari. Mai shan kara uku ko huɗu a yini ba ya ɗaukar kansa mashayi. Idan ma'aikacin lafiya ya yi masa magana, amsar da aka saba ji ita ce, ai ɗan taɓawa yake yi. Hackshaw da abokan aikinsa (2018) sun nuna cewa mai shan kara ɗaya a yini yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mai shan kara 20 ke ɗauke da shi. Zaton ƙarancin illa da Young ya samu a wajen masu naɗi, a nan ya fi zama a wajen mai kara-kara. Saboda haka, idan aka raba mashayan yankin gida biyu, na kamfani da na naɗi, kamar yadda ake yi a Turai, za a cusa mutum biyu masu hali daban a gida ɗaya: ma'aikacin gwamnati mai sayen kwali, da lebura mai sayen kara. Hasashen wannan maƙala shi ne na biyun zai fi kama da mai naɗin Ingila wajen raunin niyya.

4.3 Masu naɗi iri biyu

Rukuni na farko dattawan karkara ne, manoma da masunta. Ganyen nasu ne ko na maƙwabci, ko an saye shi a ƙulle ranar kasuwa. Ana shanya shi har ya yi ja, a murje ko a yanka, a ajiye a ɗan gwangwani ko leda cikin aljihun riga. Idan ƙawa ta taso sai a yagi takarda, ta littafin makaranta ko wadda aka ƙunso kaya, a zuba ganye, a murza tsakanin yatsu, a shafa yawu a manne. Babu filta, babu ma'auni, naɗin safe ba lallai ya yi kaurin na dare ba. Masuncin da zai kwana a kan ruwa da homa cikin sanyin hunturu yana ganin taba abokiyar aiki ce mai korar barci da sanyi. Wannan mutum haraji bai san da shi ba, gargaɗin kwali bai san da shi ba, kuma hujjarsa a shirye take: tasa daga gona ta fito, ba a zuba mata sinadarin Bature ba. Amsar kimiyya ita ce mafi yawan gubar daga ƙonewar ganyen kansa take fitowa, kwalta da iskar kabon monoksaid ba sa tambayar wanda ya naɗa. Wannan rukuni ya fi kama da dattawan karkarar Tailan fiye da ma'aikatan Landan. Shekaru kuma ba hujjar ƙyale shi ba ce, domin binciken Doll da abokan aikinsa (2004) a kan likitocin Birtaniya ya nuna wanda ya bari yana ɗan shekara 60 ma yana samun ƙarin kimanin shekara 3 a rayuwarsa.

Rukuni na biyu matasan gari ne, kuma a wajensu naɗi ba neman araha ba ne. Takardar naɗi irin ta Rizla a idon jama'a alamar tabar wiwi ce. Wasu kan farke sigarin kamfani su gauraya tabarsa da wiwi su sake naɗewa. Binciken amfani da miyagun ƙwayoyi na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a Nijeriya sun kai miliyan 10.6, adadin da ya zarce na masu shan taba a GATS nesa ba kusa ba. Wannan na da tasiri biyu ga mai bincike. Matashin da aka tambaya ko yana naɗi zai ji kamar jami'in NDLEA ne ke magana, ya ce a'a. Wanda kuma ya amsa, matsalarsa ba ta nikotin kaɗai ba ce, kuma filastar nikotin ba za ta warware ta ba. Haɗa shi da dattijon masunci a layi ɗaya na jadawali kuskure ne da zai ɓata duk lissafin da ya biyo baya.

4.4 Mata

Adadin kashi 0.4 na mata masu zuƙar hayaƙi yana buƙatar karatu da hankali. A ƙasar Hausa namiji mashayi ana ganin sa da rauni, amma mace mai sigari ana jingina ta da zaman kanta, zargin da ke iya kashe aure ko ya hana shi. Matar da mai tambaya ya same ta a tsakar gida, kishiya da 'ya'ya na saurare, amsarta ɗaya ce. Don haka kwatanta naɗi da sigarin kamfani a tsakanin matan Argungu ko Birnin Kebbi zai ƙare ne da jadawali marar kowa a ciki, ba don babu nikotin a jikin kowace mace ba.

Inda ya kamata a duba shi ne taba gari. Ana daka busasshen ganye da kanwa, a zuba a ƙaramar kwalba, a shaƙa ko a ɗibi kaɗan a ajiye tsakanin leɓe da dasashi. Kanwar ba don ɗanɗano kaɗai take ba: tana rage tsamin garin, abin da ke sa nikotin ya fi saurin ratsa fatar baki da hanci. Tsohuwar da ke amfani da ita kan ce maganin ciwon haƙori ne ko na mura ko na ciwon kai, kuma ba ƙarya take yi da gangan ba, domin ciwon kan da rashin nikotin ya kawo, nikotin ne ke kwantar da shi. Ba ta fitar da hayaƙi, ba ta jawo zargi, jika ma ana aika ya sayo. Ta fuskar araha, da kuɓuta daga haraji, da zaton cewa abin gida ne marar cutarwa, taba gari ita ce takwarar naɗin hannu a wajen mata. Idan kuma abin da Benowitz ya gano na saurin narkar da nikotin a jikin mace ya shafi waɗannan mata, to ƙawarsu za ta riƙa dawowa da wuri, kuma mai juna biyu ce za ta fi shan wahalar bari a daidai lokacin da barin ya fi zama dole.

Akwai kuma wanda ya bar sigari ya koma taba gari, namiji ko mace, ya ce ya daina. A idon unguwa ya daina. A ma'aunin sabo da nikotin kuwa, ƙofa ya sauya.

4.5 Matsalar ma'auni

Ma'aunin Fagerström na tsananin sabo da nikotin, a sigar da Heatherton da abokan aikinsa suka gyara a 1991, tambayoyi 6 ne, biyu daga ciki suka fi nauyi: kara nawa a yini, da minti nawa bayan farkawa ake kunna na farko. Mai shan kara 10 ko ƙasa ba ya samun maki ko ɗaya a tambayar farko, wanda ya wuce minti 60 ma haka a ta biyu. Mutumin Birnin Kebbi da ya tashi da asuba zai yi alwala, ya tafi masallaci, ya gaida mahaifinsa, kuma ba zai kunna taba a gaban ɗayansu ba. Teburin da zai saya ma bai buɗe ba tukuna. Adadin da yake sha kuwa cinikin ranar ke yanke shi, ga manomi kuma yana iya hawa bayan an sayar da shinkafa ya sauka da bazara. Ma'aunin zai ce sabonsa kaɗan ne, alhali kunya da addini da talauci ne suka riƙe hannunsa. Ga mai naɗi, kalmar kara ba ta da tsayayyen nauyi, sai dai a tambayi kwana nawa ƙulli ɗaya ke yi masa.

Na'urar auna kabon monoksaid a numfashi, wadda asibitocin Turai ke tabbatar da bari da ita, tana da nata cikas. Ba ta ganin taba gari ko kaɗan. Sannan matar da ke girki da itace a rufaffen madafi, ko mai bandar kifi a Argungu da ke yini a kan hayaƙi, na iya nuna adadi mai yawa ba ta taɓa sigari ba. Gwajin kotinin a yawu ko fitsari ya fi dacewa, domin sinadarin kan daɗe a jiki kwanaki kaɗan kuma yana kama kowace irin taba. Shi ma sai an kiyaye da mai shan maganin maye gurbin nikotin, da manomin da ke tsinkar ɗanyen ganye da raɓa, wanda nikotin ke shiga ta fatarsa.

4.6 Inda za a sami mai neman bari

A Yulin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta farko ta maganin barin taba ga manya, inda ta amince da gajeriyar shawarar ma'aikacin lafiya, da magungunan maye gurbin nikotin, da bareniklin, da bufirofiyon, da sitisin. Muhimmancin taimako a fili yake, domin Hughes da abokan aikinsa (2004) sun nuna cewa cikin masu bari da ƙarfin zuciya kaɗai, kashi 3 zuwa 5 ne ke kai wata 6 zuwa shekara ba su koma ruwa ba, kuma yawancin masu komawa a makon farko suke yi. Sai dai ga wanda tabarsa daga gona take ko canji ke saya masa, kowane magani ya fi tabar tsada. Abin da ke hannu a yanzu shi ne shawara, kuma ita ba ta buƙatar sabon gini. Sashen tarin fuka da na hawan jini a Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da babban asibitin tarayya na Birnin Kebbi da babban asibitin Argungu su ne inda dattijo mai naɗi ke zuwa da ƙafarsa. Mata kuwa a awon ciki da rigakafin yara ake samun su, kuma mace ce ya kamata ta yi tambayar, a keɓe.

Azumin Ramadan dama ce ta musamman: mashayi na kaurace wa taba daga alfijir zuwa faɗuwar rana wata guda, ba tare da likita ya ce masa komai ba. Raunin yana wajen buɗa-baki, inda wasu ke jera kara biyu ko uku kafin su ci abinci. Shirin bari da aka fara a Sha'aban, da limamai da malaman Islamiyyar matan aure a ciki, ya fi dacewa da kalandar yankin fiye da ranar 31 ga Mayu ta yaƙi da taba.

Kafin duk wannan, sai an gyara tambayar da ke cikin katin asibiti. "Kana shan sigari?" ba ta wadatar ba. Ma'aikacin lafiya zai tambayi dattijo, "Baba, ana taɓa taba? Ta kwali ce, ko kara-kara, ko ta gida?" Matashi a tambaye shi ko yana gauraya ta da wani abu, bayan an tabbatar masa maganar ba za ta fita ɗakin ba. Tsohuwa kuma a ce mata, "Inna, me kike sa wa haƙorin idan ya motsa?" A rubuta amsar a gida huɗu, kwali da kara da naɗi da gari, tare da jinsi da shekaru da sana'a, a kuma sake tambaya bayan wata 6. Rajistar da aka cika haka a asibitocin garuruwan biyu ita za ta ba da damar gwada hasashen da aka gabatar a 4.2 da 4.4.